An Tsinke Kan Wiwin Aurena

Ku da kuke bibiyar labarina, yau ba ni da abin dariyar da zan ba ku, sai dai ku yi haƙuri da ni. Wanda ya shigo yanzu kuma, sunana Reshmu, shekarata ashirin da bakwai, muna zaune ni da mahaifiyata mu biyu rak a gidan katako da dutse can saman Banjar, inda titi yake ƙarewa ƙafa ta karɓa. Iji nake ce mata. Sa'o'ina duk sun yi aure, 'ya'yan wasu ma har sun fara ɗaukar jakar makaranta. Ni kuwa ina da wanda nake so, shi ma yana sona, babu mahaluƙin da ya taɓa buɗe baki ya ce bai yarda ba, amma kullum bikin sai a ce baɗi.

Yograj sunansa. A-kori-kura yake ja, yana kwasar tuffa da ɗanyen wake daga ƙauyuka zuwa kasuwa. Ba kyakkyawa ba ne, kar in yi muku ƙarya, hancinsa ya ɗan karkace tun da saniya ta harbe shi yana yaro, ga shi ba ya rabuwa da wata koriyar hula da ta koɗe. Amma in ya tsaya a gindin hawanmu ya danna hon gajere sannan dogo, ko gari nake kwaɓawa sai na ji hannuna ya mutu. Saƙonsa ba ya wuce layi ɗaya. "Kin ci abinci?" "Hanya ta zabtare, kar ki jira." Ni kuma in zauna ina karanta layin nan kamar wata doguwar wasiƙa.

Bana mahaifiyarsa, Masi Begmu, ta gaji. Ta aiko da magana tun da bazara cewa ƙarshen hunturun nan ne ko kuma kowa ya kama gabansa, don ita ma ƙashinta ya fara yi mata gardama, ga 'yar ƙanwarta a kwarin da ke gaba an daɗe ana yi mata tayi. Iji ta ce ai gaskiyarta ce. Da bakinta ta ce in je in shuka fegin amarya, ita ce ma ta kwance min irin daga ƙullin da ke rataye a saman murhu.

Wiwi a gidanmu wuri biyu ne, kuma kowanne da tarbiyyarsa. Na bayan kicin na ci ne, 'ya'yansa muke soyawa mu daka da gishiri da barkono, mu cusa a cikin siddu, burodinmu da ake turarawa, in sanyi ya sauka, a tsoma a man shanu. Shi ba a barinsa ya miƙe. Da ya kawo gwiwa sai ki sa farce ki tsinke kansa, inda kika tsinke ya fito da kai biyu, su ma in sun yi ƙwari ki tsinke. Sai ki lanƙwaso rassan a hankali, ki ɗaure su da tsumma a jikin turaku, har ya bazu ya yi cunkus kamar kaza a kan ƙwai. Yawan reshe, yawan 'ya'ya. Iji ce ta koya min tun ina 'yar mitsitsiya. Bahaguwa ce, da babban yatsan hagu take tsinka, kuma a karkace, wai don kar ruwan sama ya kwanta a bakin ciwon. Duk ƙauyen babu mai irin tsinkarta, ni kaina da dama nake yi, tawa a miƙe take fita.

Fegin amarya kuwa a gaban gida yake, a bakin hanyar da kowa yake bi. Shi na igiya ne. Ana watsa shi a cushe don ya yi ta rige-rigen neman rana, ya tafi sama sambal ba reshe, domin ɓawonsa ya ɓaru dogo. Da wannan ɓawon amarya take murza zare cikin hunturu, ta saƙa wa kowa na gidan miji takalmin pula, tun daga uwar miji har jaririn da bai fara tafiya ba, ta yi wa saman ado da ulu ja da kore. Ba a taɓa kansa. Yarinyar da ta canza ra'ayi a wurinmu ba sai ta tsaya gaban manya tana kame-kame ba, fita take ta tsinke kan feginta, masu wucewa su gani su kai labari. Haka 'yar kawuna ta yi, kuma babu wanda ya tambaye ta dalili har yau.

Nawa ya yi kyau, jama'a. Ruwan damina ya karɓe shi, ya kawo min ƙirji, kore shar, in iska ta kaɗa sai ya kwanta ya tashi gaba ɗaya. Wata ranar Talata da safe na ɗaura jan ɗankwalina, na tsaya a gefensa na ɗauki hoto na tura wa Yograj. Ya amsa da cewa ƙafarsa lamba tara ce, in saƙa da faɗi don yana da ɗan yatsa mai taurin kai. Na rubuta masa cewa mai yatsan ya fi yatsan taurin kai. Na soke wayar a ƙugu, na ɗauki lauje da igiya na haura yankan ciyawa ina murmushi ni kaɗai kamar wata sabuwar kamu.

Rana ta take tsaka na sauko da damin ciyawa a baya. Tun daga kwanar rafi na ga fegin ya canza min, amma na kasa cewa ga abin da ya canza. Sai da na matso na ga ya yi dududu, bai ɗaya, ba ko kai guda da ke leƙe. Ƙananan kawunan suna zube a ƙasa, sun fara yaushi. Na saki igiyar, damin ya faɗi. Na fara cewa akuyar maƙwabta ce, har na juya zan tafi in yi musu tijara. Amma akuya yaga take yi, kuma ba ta kaiwa ƙirjin mutum ta bi layi. Na kamo kara ɗaya na duba bakin ciwon. A karkace yake. Na kamo na biyu, na shiga tsakiya na kamo wani. Duk a karkace, daga hagu.

Ban san yadda na hau matakalar ba. Iji tana zaune a barandar sama inda take zama kullum, ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura a kan fatar tunkiya, ta lulluɓa da mayafinta na ulu ruwan toka, sandarta a jingine. Sandar duk ɗanyen taɓo ce har rabi, ita da take cewa ko tsakar gida ba ta iya sauka sai na riƙe ta. Ta zuba min shayi ta miƙo da hannun hagu. Ƙarƙashin farcen kore ne, kuma warin ganyen ya riga kofin isowa hancina.

Na ce, "Iji, an tsinke min fegi."

Ta ce, "Na gani."

"Wa kika gani?"

"Idona ba ya kai wa can yanzu, 'yar nan. Sha shayinki kar ya huce."

Na sha. Kar ku tambaye ni me ya sa ban fasa kofin da ƙasa ba, ni ma na tambayi kaina. Baƙin ciki ne ya rufe ni, ga wata irin kunya a kansa, kamar ni aka kama. Matar nan ita ta goya ni a baya ta hau dutsen nan da ni yankan ciyawa shekarar da babanmu ya rasu. Ita ce kuma ta ja gwiwoyin da ba sa lanƙwasuwa, ta sauka matakala ɗaya bayan ɗaya, ta bi fegina tsiro bayan tsiro. Wannan ba aikin fushi ba ne na minti ɗaya, aikin rabin yini ne. Duk lokacin da nake sama ina yi wa wayata murmushi, tana ƙasa tana yi.

Kuma na san dalili, shi ya fi cina. In na tafi, wa zai sauka ƙasan gida ya tatsi saniya? Wa zai haura ciyawa, wa zai faskara itace kafin ƙanƙara ta rufe hanya, wa zai ɗaga ta in ƙafar ta riƙe da asuba? Yayana Hetram yana aikin otal a Manali da matarsa, ɗakinsu guda, kuma Iji ta rantse ba za ta mutu a ɗakin haya ba. Gidan su Yograj kuwa a tsallaken kwari yake, kuma uwar mace ba ta bin 'yarta gidan miji, abin gori ne har jikoki. Mun sha zagaya maganar nan, kowa ya ce za a san yadda za a yi. Ba a taɓa sanin yadda za a yi ba.

Da yamma na fita inda waya take kamawa, bayan rumbun ciyawa, na kira Hetram. Ban gaya masa hannun wa ba ne, na ce dai an tsinke. Ina jin ƙarar faranti a bayansa. Sai ya ce wataƙila alheri ne, dama shi yana ganin an yi gaggawa, matarsa tana da ciki, in aka bari ta haihu sai ya nemi canjin aiki ya dawo kusa. Na tuna masa bara ma canjin aiki ya ce, bara waccan kuma rufin gida. Ya ce, "Haba Reshmu, shekara ɗaya ce fa. Mutumin nan in yana sonki ai zai jira." Na ce masa shi da ya ga mace a watan shuka ya aure ta kafin girbi, bai kamata ya koya wa kowa jira ba. Ya ce baƙi sun shigo, zai kira. Bai kira ba.

Ban gaya wa Yograj ba. Na ce a raina zan gyara kafin labari ya tsallaka kwari. Tsiron da aka tsinke wa kai ba ya komawa yadda yake, amma in toho biyun sun fito, kina iya cire ɗaya ki bar mai ƙarfin, ki ɗaure shi a jikin siririyar sanda ya ɗauka shi ne kan. Zai miƙe, sai dai da gwiwa a tsakiya, kuma a nan ɓawon yake tsinkewa in an zo ɓara. Na san haka sarai. Duk da haka na saro sanduna a bakin rafi, na yayyaga tsohuwar rigata ta makaranta, na shiga fegin ina bi ina ɗaurewa, ruwa yana dukana, matsattsaku suna cin ƙafata. Kwana da kwanaki ina wannan wahala, da na gama tatsa sai fegi, da na sauko da ciyawa sai fegi.

Iji tana baranda tana kallona. Rannan ina fama da wani da ya ƙi tsayuwa sai na ji muryarta daga sama, a hankali, irin ta da, lokacin da take koya min.

"Kin matse shi da yawa. Sassauta, ki bar masa wurin ƙiba."

Na ɗaga kai na dube ta. Ta kawar da fuska tana gyaran mayafi. Na sassauta ɗaurin, don gaskiya ta faɗa, sannan na durƙusa a cikin taɓon na yi kukan da ban yi ba tun ranar farko. Da ta zage ni, da ta ce ba za ki tafi ba, da na san da wa nake faɗa. Amma mace ta karya miki abu sannan ta koya miki ɗori, ina za ki kai wannan?

Hanya dai hanya ce. Masu wucewa sun ga sanduna da fararen tsummoki, sun ga tsiro ya yi kai biyu. Matan da suka saba tsayawa su tsokane ni da zancen lambar takalmin uwar miji suka koma gaishe ni a gajarce suna sauri. Saƙonnin Yograj suka fara ja baya. Jiya da rana ya turo, "An gaya wa mahaifiyata wata magana. Na ce ƙarya ce." Na rubuta na goge, na rubuta na goge, ƙarshe na kife wayar a kan buhun masara ban tura komai ba.

Yau da hantsi Masi Begmu ta zo da kanta. Ta sha baƙin mayafinta mai jan baki, wanda ba ta fito da shi sai biki ko gaisuwar mutuwa, ta soke shi da alluran azurfa, baƙin ɗankwali a kai. Tun kafin ta shigo ta tsaya a fegin. Ina leƙenta ta tagar kicin, ta kamo kara ɗaya, ta zame tsummana da yatsa, ta daɗe tana duban tabon. Ta saki, ta kakkaɓe hannu, ta hawo.

Na taɓa ƙafarta na gaishe ta, na shimfiɗa mata bargo kusa da murhu. Suka gaisa da Iji, suka yi zancen gwiwa da maganin gwiwa, da ƙanƙarar da ta ɓata tuffar bana, da tsadar ulu. Na kawo shayi da siddu, ta gutsuri kaɗan ta yaba cikin, ta ce wanda ya rene wiwin da ya ba da 'ya'yan nan ya san aikinsa. Iji ta ce ai Reshmu ce. Hannunta na hagu yana cikin mayafi tun shigowar baƙuwar, bai fito ba ko don karɓar kofi.

Sai Masi Begmu ta ajiye kofinta ta fuskance ni.

"'Yata, ban zo faɗa ba. Na ga fegi."

Na ce, "Akuya ce ta shiga, Masi."

"Akuyar nan tana da farce mai kyau." Ba ta yi dariya ba. "Ni ma na shuka fegi a zamanina, na san cizo na san tsinka. Ɗana ya ce in tambaye ki ke, kar in tambayi kowa. In hannunki ne, babu laifi, kowa da ransa, in koma in nemi wata. In kuma wani ne ya yi miki, ki faɗi sunansa a nan, ni zan kai maganar gaban manya, igiya kuwa ina da ta bara a rataye, ki zo ki ɗiba. Hannun wa ne?"

Kun ji fa. Ƙofa ce ta buɗe min har bango. Kalma ɗaya zan faɗa in zama matar Yograj kafin ƙanƙara ta narke. Kalmar nan kuma ita za ta sa a kira Iji gaban manya, a ce ga uwar da ta tsinke fegin 'yarta, matan da za su riƙa leƙo ta in na tafi su ɗauke ƙafa, ta zauna a barandar nan ita da sandarta. Masi Begmu ta sani. Ai ta ga karkacewar, kuma tun suna 'yan mata ta san wace ce bahaguwa a ƙauyen nan. So take ya fito daga bakin wani.

Na juya na dubi Iji. Ina roƙonta da ido, ina cewa a raina faɗi da kanki, faɗi ko da rabin baki ne, ni zan tare miki sauran, zan ce ruɗewa ce, zan ce kin ɗauka na bayan kicin ne. Na ba ta lokaci har shirun ya fara nauyi. Ta dubi murhu. Leɓenta ya motsa.

Ta ce, "Reshmu, wutar nan tana son itace."

Wani abu ya mutu a ƙirjina a lokacin, ban san sunansa ba. Na tura itacen. Na koma na zauna, na dubi matar da na yi shekaru ina fatan in kira Iji, na ce mata hannuna ne.

Masi Begmu ta ture kofinta gefe. Ta miƙe tana dafa gwiwa, ta gyara alluran mayafinta, ta dafa kaina. Ta ce da ni ina da kirki, kuma kirkin nan zai cinye ni. Ga Iji kuwa ko sallama ba ta yi ba, ta dai tsaya a bakin ƙofa ta dube ta sama da ƙasa, ta sauka. Na bi ta da ido har ta wuce fegin ba ta waiwaya ba.

Bayan tafiyarta na koma aiki. Na tatsi saniya, na share ƙasan gida, na wanke kofuna ukun. Rana ta fara karkata wayata ta yi ƙara a kan buhu. Yograj ne.

"Da hannun dama kike tsinka. Na sha ganin ki."

Kafin in gama karantawa wani saƙon ya shigo.

"Ina gindin hawa. Ki sauko ki faɗa min a fuskata, ko wanne ne. In duhu ya yi ban gan ki ba, na ji amsa."

Sai ga hon daga ƙasa, gajere sannan dogo. Iji ma ta ji, na ga kafaɗarta ta motsa. Na jawo jan ɗankwalina na ɗaura, ya karkace har sai da na kwance na sake. Na zura takalmi. Na kai bakin matakala ke nan ta kira sunana, ba da ƙarfi ba. Na waiwaya. Ta jawo jiki zuwa murhu, ta kama tukunyar wake da hannu biyu tana son ɗorawa, tukunyar ta ƙi tashi daga ƙasa, ruwan yana tangaɗi yana zuba a mayafinta. Ba wasa take ba, na san ƙarfin hannun nan, na san inda ya tsaya.

Ta ce, "Ɗora min wannan kafin ki sauka. In kin daɗe, in samu abin ci."

Na dawo na karɓa na ɗora. Itacen ɗanye ne, sai hayaƙi yake, na durƙusa ina hurawa, ita kuma ta riƙe gefen rigata da hannun nan na hagu wai don kar ta taɓa wuta. Wutar ta kama tun ɗazu. Inuwa ta riga ta cinye fegin, ta fara hawa matakala, Yograj ya sake danna hon, kuma har yanzu Iji ba ta saki rigar ba.